Ɗanyen Taki a Gonar Baba

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Alkamar ta yi rawaya. Yau kwananta goma sha takwas da shuka, lokacin da ya kamata a ce ta yi kore shar tana fitar da 'ya'ya daga gindi, amma ta tsaya cak, ganyen sirara kamar tsinken tsintsiya. Fangali goma sha biyu ne a gonar, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya tsira, ban samu ba. Daga tsofaffin ganyen ƙasa rawayar ta fara, tana hawa sama. Na san ma'anar haka, yunwa ce take ji.

Littafin nan na saye shi ne don rubuta ranakun ban ruwa da na zuba taki. Daga yau zan rubuta abin da na ga dama a ciki, domin idan na buɗe baki a gidan nan abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba.

Maƙwabcin gonarmu, wanda kowa ke kira Rediyo saboda tun da aka kunna shi ba a sami mai kashe shi ba, ya tsaya a kan iyaka ya riƙe ƙugu ya ce, "Farfesa, wannan wane sabon iri ne, tun yana jariri ya nuna?" Shekara biyu kacal na yi a makarantar koyon aikin gona, ban ma ƙarasa ba, amma a bakinsa ni Farfesa ce. Tasa alkamar kuwa kore shar, kamar da gayya.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya kira daga birni. Labari ya riga ya kai masa, ba sai na tambayi wace tasha ya kama ba.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Auta, me nake ji haka? Tun farko na ce a zuba takin zamani buhu huɗu kamar kowa, kika ce biyu sun isa, ramin jujinki zai cike sauran. To ga shi ya cike."

Na ce ya bari tukuna, ba a yanke wa alkama hukunci tana kwana goma sha takwas. Ya ce ranar Asabar zai zo ya gani da idonsa. Sannan ya kawo maganar da na san dama ita ce a cikinsa. Ɗakin da ya gyara wa Baba yana nan, in gonar ta gagare ni a ba mai tumatir haya, Baba ya koma wurinsa ya huta.

Na san ɗakin. Hawa na uku ne, taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabta. Mutumin da ya shekara hamsin yana shiga gona kafin rana ta fito, shi za a kai can a ajiye a gaban talabijin. Ko wata ɗaya ba zai yi ba, ni na sani, kuma Yaya ma da zai tsaya ya yi tunani ya sani. Amma shi sau huɗu yake zuwa a shekara, ya zo da lemo a leda ya koma da takalminsa fes.

Ya tambaya ko Baba lafiya. Na ce lafiyarsa ƙalau.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Malamin gona ya zo a babur. Yaro ne mai ladabi, shi ya sa na fi jin haushi, domin da ya yi mini rashin kunya da na sami inda zan sauke.

Ya tona ƙasa da ɗan wuƙarsa, ya zaro guntayen kara da ƙaiƙayi, suna nan yadda suke ko launi ba su sauya ba. Ya ce, "Hajiya, wannan takin ai bai nuna ba. Ɗanyen taki ba ya ciyar da shuka, shi ma ci yake yi. Ƙananan halittun da ke ruɓar da karan nan suna bukatar naitirojin, sinadarin da ke sa ganye kore, sai su kwashe na cikin ƙasa kafin saiwar alkama ta samu."

Na tsaya ina gyaɗa kai kamar yau na fara ji. Na ci jarrabawa a kan wannan maganar. Kafin jarrabawar ma, ina 'yar shekara tara aka koya mini ita a bayan siton nan.

Ramuka biyu ne a bayan sito. Na dama wata biyar ina juya shi ina yayyafa masa ruwa, ya nuna ya yi baƙi wuluk. Na hagu sati uku ne da cikawa lokacin, duk kara ne da ƙaiƙayi da ɗanyen kashin shanu. Malamin ya leƙa ya ga na hagu wayam, na dama cike har baki. Ya dube ni ya ce, "Ikon Allah. Ga nunanne a ajiye, ya aka yi aka kwashi ɗanye?"

Na ce kuskure na yi. Ya rubuta a littafinsa.

Ranar da aka kwashi takin ba na gida. Na tafi karɓo iri, mota ta lalace, na kwana biyu a hanya. Da na dawo mai tarakta ya riga ya juya ƙasa da takin a ciki. Mutum ɗaya na bari a gida. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Maganin da ya faɗa shi ne wanda na riga na yanke. Buhun takin zamanin da ya rage, wato yuriya, a raba shi biyu, rabi yanzu, rabi idan alkama ta fara yin gaɓa. A watsa gab da shigowar ruwa, kada ya wuni a busasshiyar ƙasa rana ta cinye shi. Nunannen takin kuma a tankaɗe shi a bi layi da shi, ya riƙe danshi ya ci gaba da ciyarwa a hankali bayan na buhu ya gama nasa. Ɗaya na gaggawa, ɗaya na zama, dama abin da nake faɗa ke nan tun farko ana kallona kamar na zautu.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yau ne layinmu na ruwa. Na jira raɓa ta bushe a ganye, na watsa rabin buhun a fangali goma sha biyu daidai wa daida, mai rabon ruwa ya buɗe mana ƙarfe tara. Na ɗaure bakin buhun na jingine shi a sito. Hannuna yana raɗaɗi inda ya tsage.

Baba ya sha shayi sau biyu da safe, sannan ya ce yau ba a ba shi shayi ba. Na sake dafawa.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Rawaya. Na san ba a ganin sauyi a kwana ɗaya, amma sau uku na je na duba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko zuciyata za ta daina tafasa.

Yaya ya iso da hantsi da ledar lemonsa. Baba ya sa farar rigarsa, ya yi masa hira tsaf, har da tambayar yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko ɗaya ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina addu'a a ci gaba a haka. Sai Yaya ya ce mu je gona. Rediyo yana hango mu ya yar da fartanya ya taho, wai ya zo gaisuwa.

Baba ya shiga fangali na farko ya tsuguna, ya damƙo ƙasa ya murza, ya kai hanci. Ya miƙe fuskarsa a murtuke ya ce, "Wannan ɗanye ne. Wane jaki ne ya zuba ɗanyen taki a gonata?"

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ke ce?"

Na dubi idonsa sosai, ina neman ko akwai wani abu a ciki, ko alama. Babu komai sai ɓacin rai na gaskiya. Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Shekara nawa ina koya miki? Taki in ya nuna sanyi yake a hannu, ƙamshinsa na ƙasar da ruwan sama ya daka. Wannan ko makaho ya san bai nuna ba. Kin kunyata ni."

A gaban Yaya, a gaban Rediyo. Rediyo har da cewa, "A yi haƙuri, Baba, karatun boko ne, a takarda suke noma."

Yaya bai yi dariya ba, wannan na ba shi. A bakin mota ya ce mini, "Sati uku na ba ki. In na dawo ban ga alkama ba, kin san sauran." Na ce na ji. Da na buɗe baki na faɗi kalma huɗu, da sunana ya wanku a take. Da kuma yau ɗin nan an sa jakar Baba a bayan motar, ba sai an jira sati uku ba.

Asabar, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ko makaho. Ni aka ce wa ko makaho.

Na je bayan sito na ɗauki tsohon bokitin roba na yi ta maka shi da bango har ya rabe biyu. Yanzu ba mu da bokitin awaki, wautar ta ƙaru.

Da na shigo, Baba yana zaune a kujerarsa yana ɓare lemo. Ya ce, "Auta, me ya sami idonki? Wa ya taɓa ki? Faɗa mini in je in same shi." Ya miƙo mini rabin lemon. Na karɓa na shanye, ban san me zan yi da shi ba in ba haka ba.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Baba lafiyarsa ƙalau.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mun fara tankaɗe takin ramin dama. Na ɗaura ragar waya a bakin baro, ina zubawa da shebur, Baba yana girgizawa. Ban so ya zo ba, amma ya ji ƙarar shebur ya fito, kuma wa ya isa ya hana shi. Hannunsa bai manta komai ba. Yadda yake karkata ragar tsakuwa ta gangare gefe guda, ni har yau ban iya ba. Ya damƙi takin ya ce, "Yauwa, wannan shi ne taki. Wa ya haɗa?" Na ce ni. Ya ce, "'Yar gidana ke nan."

Shekaranjiya jaka, yau 'yar gida. Na rasa wanne ya fi ƙona mini rai.

Can ya share gumi ya ce, "Innarki shiru ba ta kawo mana ruwa ba." Na ce ta leƙa maƙwabta, na je na kawo. Shekara shida ke nan da muka raka Inna makwancinta.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Baro talatin da ɗaya, na bi kowane layi da hannu. Bayana kamar zai ɓalle. Matar Rediyo ta wuce ta ce sannu da ƙoƙari, da irin muryar da ake yi wa mai zaman makoki. Ana ta ce mini in yi haƙuri. Kowa a garin nan yana da haƙurin da zai ba wani, nasa ne dai ba ya da shi.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Babu ruwa. Tun ƙarfe takwas nake tsaye a bakin magudana. Sai sha biyu mai rabon ruwa ya zo yana tafe yana sakace, wai injin ya sami matsala, sai an kawo wani ƙarfe. Na ce tun yaushe ya lalace? Ya ce tun Talata. Na ce to bakinsa ma lalacewa ya yi da bai faɗa ba? Ya ce, "Hajiya, ba da ni kike faɗa ba, da gonarki kike." Da ƙarya ya yi da na ji sauƙi.

Takin da na baza yana nan yana bushewa a rana.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ruwa ya zo. Na bi shi fangali fangali ina buɗewa ina toshewa har ya kai na ƙarshe. Sati ɗaya ya tafi cikin ukun Yaya.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya kira ya ce a ba Baba. Na tsaya kusa ina ji. Baba ya ce masa gona lafiya, bana gero ya yi kyau. Na fizge wayar na yi dariya na ce Baba da zolaya. Yaya ya ce, "Auta, akwai abin da ya kamata in sani?" Na ce abin da ya kamata ya sani shi ne hanyar gidan ubansa, ba sau huɗu a shekara ba. Ya kashe wayar.

Na ji daɗin faɗar haka. Na fi minti goma ina jin daɗi.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Sabon ganye ya fito kore. Ba a ko'ina ba, amma ya fito, kuma gindin ya fara yin 'ya'ya, na ƙirga uku a wani, huɗu a wani. Na zauna a kan kunya na yi kuka kamar wata sakara, sannan na duba ko'ina kada a ce an gan ni.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Jiya mun sha ruwa a kan lokaci. Gonar ta rufe, ba a ganin ƙasa tsakanin layuka. Rediyo ya zo ya tsaya a inda ya saba tsayawa ya ce, "Ai ni dama na faɗa, haɗa na gida da na buhu shi ne dabara. Farfesa, in kin tashi haɗa rami na gaba ki kira ni in gani." Tasa ta fara kwantawa a gefen magudana saboda buhu huɗun da ya ɗura mata, kara ya yi tsawo babu ƙarfi. Na nuna masa da baki na wuce.

Saura kwana takwas. Rabin buhun yana nan a sito, Alhamis mai zuwa zan watsa, Asabar Yaya ya zo ya tarar da abin da zai rufe masa baki.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Ba zan iya rubutawa yanzu ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Kasuwa na je, sayen gishiri da sabulu da bokitin awaki. Awa ɗaya da rabi. Na bar Baba yana barci a kujera.

Da na dawo kujera wayam, ƙofar sito a buɗe. Na hango farar riga a ƙarshen gona. Rana ta take, ƙasa a bushe ƙamas, ruwa sai Alhamis. Ga kwano a hannun hagu, na dama yana watsawa, taku biyu watsi ɗaya, taku biyu watsi ɗaya, babu manomin da ya kai shi iya wannan tafiyar. In ya kai ƙarshen fangalin sai ya juyo ya sake farawa. Fangali biyu na ƙarshe ya yi ta zagayawa. Abincin fangali goma sha biyu, a kan biyu. Ƙasa ta yi fari kamar an zubar da gishiri.

Na yi masa tsawa. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba, yau na yi, har awaki suka firgita. Ban tuna duk abin da na ce ba, kuma wanda na tuna ba zan rubuta ba. Ya tsaya da kwanon a hannu yana kallona ya ce, "Taimaka miki nake yi. Na ga aikin ya yi miki yawa."

Na kai shi gida. Na koma da tsintsiya ina sharewa tsakanin layuka, abin da na tara bai cika kwano biyu ba, rabinsa ƙasa. Na yi ta jido ruwa daga rijiya da sabon bokitin ina kwarawa har hannuna ya daina ɗaguwa. Na roƙi mai rabon ruwa ya ba ni ko na rabin awa, ya ce layi layi ne, in ya ba ni sai ya ba kowa.

Haushin kowa nake ji. Yaya, da Rediyo, da mai ruwa, da Inna da ta tafi ta bar ni da wannan. Har da shi. Na rubuta, har da shi.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Fangali biyun sun ƙone, bakin ganye ya yi ja ya nannaɗe. Sauran goma suna nan kore, amma babu abin da zan ba su gobe, kuma sun fara yin gaɓa. Na duba gindi na ji gaɓar da yatsa.

Baba bai fito shan shayi ba. Ya ce ba ya jin yunwa. Bai san dalili ba, amma in na shiga ɗaki sai ya sunkuyar da kai.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Ruwa ya shiga shi kaɗai.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya zo. Wannan karon bai ce Baba ya raka mu ba, mu biyu muka shiga. Ya bi fangali goma yana shafa ganye da tafin hannu, na ga fuskarsa ta saki. Sai muka kai na ƙarshe.

Ya ce, "Nan fa?"

Na ce yuriya ce ta yi yawa, ni na watsa.

Ya ce, "Ke da kika tayar da matacciyar gona cikin sati uku, ke za ki juye rabin buhu a fangali biyu?"

Na ce, "Ni ce."

Ya dubi ƙasa. Inda na yi ta kwara ruwan rijiya, Baba ya sake biyo ni ya shiga ranar, sai da na ƙara jan shi gida, sawun yana nan a kan kunya ya bushe da laka. Babban takalmi ne, ƙafar hagu tana ɗan ja. Tun muna yara muke gane wannan sawun, da shi muke sanin ko ya dawo gida mu daina wasa. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Na shirya masa faɗa, na tanadi maganganu tun daren jiya a jere, na ƙagu ya buɗe baki.

Bai yi faɗan ba. Ya ce, "Ɗanyen takin ramin ma shi ne?"

Na kau da kai.

Ya shiga mota ya tafi, na ce shi ke nan, ya je ya kira mai tumatir. Bayan awa ɗaya sai ga shi ya dawo. Ya sauke buhun yuriya da kansa ya kai sito, farar shaddarsa duk ta ɓaci. Sannan ya zaro wani abu daga aljihu ya sa mini a hannu. Kwaɗo ne sabo, da makulli biyu. Ya cire ɗaya ya sa a aljihunsa.

Ya ce, "Gona ta zauna, Baba ya zauna, har a yi girbi. Bayan nan mu yi magana, ni da ke, ba a waya ba. Duk Asabar zan riƙa zuwa." Ya ɗan tsaya ya ce, "Auta, da kin faɗa mini."

Na ce, "Da na faɗa maka da yanzu yana hawa na uku."

Ya ce, "Haka ne."

Ya shiga ya yi wa Baba sallama. Ya fi minti ashirin a cikin motar a ƙofar gida bai tayar da ita ba. Ban leƙa ba, na bar shi.

Na ci nasara ke nan. Sati uku ina jiran wannan ranar, ga ta ta zo, kuma ko abinci na kasa ci.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Na kwashe fartanya da lauje da shebur da maganin feshi na kai sito, na sa kwaɗon. Makullin na zura shi a igiya na rataya a wuya, ƙarƙashin riga. Siton nan da hannunsa ya gina shi, ni na riƙa miƙa masa bulo.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Da sassafe na ji ana taɓa kwaɗon. Na fito na sami Baba a ƙofar sito yana laluba aljihu, na gaba, na gefe, ya sake komawa na gaba. Ya ce fartanyarsa yake so, akwai ciyawa a bakin magudana. Gaskiya ne, akwai, jiya na gan ta.

Na yi niyyar in ce masa Yaya ne ya tafi da makullin, ya ji haushin Yaya, ko ba komai mu zama mu biyu. Kafin in yi magana ya riga ni. Ya ce, "Auta, ki yafe mini. Ina jin ni na yar da makullin nan. Kwanan nan kaina ba ya riƙe abu, ban dai faɗa miki ba ne don kada hankalinki ya tashi."

Ƙarfen yana manne a ƙirjina, ina jin sanyinsa. Na nemi wanda zan ji haushi na rasa.

Na ce ba komai, Baba, bari in taya ka nema. Mun ɗaga tabarma, mun zazzage aljihunan rigunansa, mun share ƙofar sito, mun duba cikin takalmansa. Yana ta ba ni haƙuri, ina ta cewa zai fito. Har rana ta take muna nema.